In An Zubar Da Jini, Hannun Wa Zai Rama?

Daga shirinmu na makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka. An rubuta jawabin kamar yadda ya fita a iska, an ɗan rage maimaici. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

Ina gaida mutanen Basunda da Doka da Galabat, ina gaida na rugage da suka gangaro kudu neman ruwa da ciyawa a bakin Rahad, ina gaida 'yan uwa na ƙetare a Matamma, da direbobin lori da ke kwana a layi suna jiran a buga musu takarda. Ya gajiya, ya dabbobi, ya kasuwa? Allah ya sa mu ji alheri.

Maganarmu ta yau mai nauyi ce, kuma ba ni na zaɓe ta ba. Wani bawan Allah ne ya aiko mana da saƙon murya a makon jiya. Ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba, don shi ya roƙi haka. Ya ce 'yan bindiga sun tare ƙanensa a daji da la'asar, suka kora shanu goma sha huɗu, suka harbi yaron a ciki, kafin a samo motar da za ta kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Sai ya ce: “Malam, duk wanda ya zo gaisuwa cewa yake in yi haƙuri in bar wa hukuma. Wata biyu ke nan ban ji an kama kowa ba. Na san mutanen wane ɓangare ne suka yi. Kowace ranar kasuwa ina ganin danginsu suna ciniki suna dariya. Me zai hana in ɗauki ɗaya daga cikinsu, su ma su ji abin da na ji?”

Ɗan'uwa, na ji ka. Allah ya jiƙan ƙanenka, ya ba ku haƙurin rashi, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarku. Da kai zan yi magana yau, amma na san akwai irinka da yawa da ke riƙe da rediyo yanzu haka, wasu a wannan gefen iyaka, wasu a wancan.

Fushinka ba laifi ba ne

Zan fara da abin da masu gaisuwa ba su faɗa maka ba. Wutar da kake ji a ƙirjinka tana kan gaskiya. Wanda aka kashe wa ƙane bai ji komai ba, ai shi ne abin tsoro. Zuciyarka cewa take ran yaron nan yana da daraja, wanda ya ɗauke shi kuma sai ya biya. Shari'ar Musulunci ta yarda da wannan, dokar Sudan ta yarda, dokar Habasha ma ta yarda.

Akwai masu ilmin zamani da ke cewa hukunci ba shi da wani aiki sai gyaran mai laifi da tsoratar da na baya, wai ramuwa ɗabi'ar mutanen da ce. Ni ban bi su har can ba. Ka ɗauka an kama wanda ya harbi yaron nan, aka tabbata ya tuba ba zai ƙara ba har abada, aka kuma tabbata sakinsa ba zai sa wani ya yi koyi da shi ba. To, sai a sallame shi ya tafi gida da yamma ya ci tuwo? Ba mai hankalin da zai ce e. Saura abu ɗaya da ba a biya ba, shi ne haƙƙin wanda ke kwance a ƙasa. Wannan biyan shi ake kira sakayya. Shari'ar da ta yi watsi da sakayya, mutane za su yi watsi da ita su koma wa bindiga.

Dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 ba ta yi watsi da ita ba. Sashe na 130 ya sa hukuncin kisan ganganci shi ne kisasi. Dokar ta kuma ba waliyyan jini, wato magadan mamaci, zaɓi: ko su tsaya a kan kisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe don Allah. Sashe na 42 ya yanka cikakkiyar diyya raƙuma 100, ko kimarsu a kuɗi yadda Alƙalin Alƙalai ya ƙayyade lokaci zuwa lokaci. Ka ga ke nan ba a ce ka haɗiye ba. An sa maganar a hannunka, amma a gaban alƙali.

Inda kisasi ya rabu da fansa

Abin da ka ce za ka yi a kasuwa kuwa ba kisasi ba ne, sunansa fansa. Akwai katanga uku a tsakaninsu.

Ta farko, kisasi a kan wanda ya aikata ne shi kaɗai. Mutumin da ka gani yana auna riɗi yana dariya, wataƙila ranar da aka harbi ƙanenka yana gona, wataƙila ma ɓarayin nan sun taɓa kore masa awaki. Yarensu ɗaya da ɓarawo, iyakar abin da ka sani a kansa ke nan. In ka kashe shi, wanda ya harbi ƙanenka yana nan da ransa yana shan shayi, kai kuma ka zama irin mutumin da kake nema. Makon gobe yayan wancan zai aiko mana da saƙo irin naka sak.

Ta biyu, kisasi yana da mudu, fansa ba ta da shi. Ai kun san ana cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Ku makiyaya, bari in tuna muku labarin da ya fara daga dabba ɗaya. Tarihin Larabawa kafin zuwan Musulunci ya kawo Yaƙin Basus. Taguwar wani baƙo ce ta shiga makiyayar da Kulaibu shugaban ƙabilar Taglib ya keɓe wa kansa, ya harbe ta da kibiya. Baƙon yana ƙarƙashin amanar wata mata mai suna Basus, ɗan 'yar'uwarta Jassasu na ƙabilar Bakar ya fusata ya kashe Kulaibu. Sai ɗan'uwan Kulaibu, Muhalhil, wanda kuka fi sani da Zir Salim, ya tashi neman fansa. Akwai wani dattijo a Bakar, Harisu ɗan Ubadu, da ya ƙi shiga yaƙin. Har saurayin gidansa, Bujairu, ya faɗa hannun Muhalhil, dattijon ya ce in dai jinin yaron zai kashe wutar ya haƙura. Muhalhil ya kashe yaron, ya ce bai wuce maɗaurin takalmin Kulaibu ba. Daga ranar dattijon ya ɗaura sirdi. An ce shekara arba'in aka yi ana gwabzawa. Ka duba fa: an ba mai fansa rai a madadin rai, ya ce bai isa ba. Haka take, ba ta ƙoshi.

Irin wannan gadon ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya soke a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan hijira. Ya yafe dukkan jinin da ake bi tun jahiliyya, ya kuma fara da jinin da danginsa ke bi.

Katanga ta uku ita ce hannun da zai zartar. Kisasi aikin hukuma ne bayan an kafa hujja, ko mai laifi ya amsa da bakinsa, ko shaidu su tabbatar. Dalili a bayyane yake. Kai da kanka ba za ka yarda wanda kuke rigimar burtali da shi ya zama alƙalinku ba. To, mai fushi ma haka yake a shari'ar kansa. Jita-jita ta ishe shi shaida, kamannin fuska sun ishe shi hujja.

Abin da muka gani da idonmu

Kada ka ce wannan tsohon labari ne. Mu nan ba mu manta da 2022 ba. A watan Yuli na shekarar, a jihar Nil Azrak, aka kashe wani manomi a yankin Gaisan. Akwai tsohon miki a ƙasa, rigimar fili da ta sarautar gargajiya tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun jihar, ban ɓoye wannan ba. Amma abin da ya mai da gawa ɗaya ta zama ɗaruruwa shi ne kowa ya daina tambayar wa ya yi, ya koma tambayar ɗan wace ƙabila ne. Wuta ta kai Rusairis da kewayen Damazin, hukuma ta ce an rasa fiye da mutum 100 a watan. Aka fita zanga-zanga a Gadarif da Hartum da Bur Sudan, a Kasala har aka ƙona ofisoshi da shaguna. A watan Oktoba abin ya sake tashi a Wad al-Mahi, fiye da mutum 200 suka mutu cikin kwana biyu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta fiye da mutum 90,000 sun bar gidajensu. A cikinku akwai wanda ya sauke dangi a gidansa a lokacin. Ka tambaye su, a cikin waɗanda aka binne, nawa ne suka san sunan manomin farko?

A ƙasar kakanninmu ma haka aka yi. A jihar Zamfara ta Najeriya satar shanu ta yi ƙamari, mutane suka gaji da kai ƙara ba sakamako, suka kafa 'yan sa-kai. 'Yan sa-kai suka riƙa kama Bafulatani a kasuwa a kan zato su kashe. 'Yan uwan waɗanda aka kashe suka shiga daji suka sayi bindiga. A watan Afrilu na 2014 aka far wa garin 'Yar Galadima, aka kashe fiye da mutum 100 a yini ɗaya. Har yau manomi a can yana biyan kuɗi kafin ya shiga gonarsa, makiyayi na kirki kuma ya rasa dabbobi ya rasa wurin zama. Kowane ɓangare ka zauna da shi zai lissafa maka gawarwakinsa, kuma ba ƙarya yake ba.

To, me ake nema da hukunci?

In muka ce hukuma ta hukunta, ayyuka da yawa muke ɗora mata lokaci guda. Muna so a saka wa wanda aka zalunta. Muna so na baya su ga aya su ji tsoro. Muna so a ɗauke mugu daga cikin mutane, ko da na wani lokaci ne. Muna so wanda zai gyaru ya gyaru, musamman yaran da aka ba bindiga suna da shekara goma sha biyar. Muna so kuma a mayar wa mai kaya kayansa, don ɗaurin ɓarawo ba ya ba marayu nono. Dokar laifuffuka ta Habasha ta 2004 ma tun a sashenta na farko ta ce manufarta tsaron zaman lafiyar jama'a ne, ta hanyar gargaɗi, sannan horo da zai hana maimaici ya zama darasi ga wasu, da kuma gyaran mai laifi.

Duk waɗannan, in ka tattara su, wuri ɗaya suka nufa: a tsayar da jini, rijiya da burtali da kasuwa su zauna a buɗe. Malamanmu ma haka suka karantar da mu, cewa an shar'anta kisasi ne don tsaron rayuka. Mai niyyar kisa in ya san kansa zai biya sai ya janye, rai biyu sun tsira ke nan. In kuma an riga an yi, hukuncin ya tsaya a kan mutum ɗaya, ƙabila biyu sun tsira. Sakayya tana ciki, ita ce ma ke sa wanda aka cuta ya yarda ya ajiye makami. Amma hidimar zaman lafiya take yi.

Wasu suna cewa maganin abin nan tsanani ne, a yanke, a rataye, shi ke nan. Ku ji wannan. A Zamfara ɗin da na ambata, a watan Maris na 2000, bayan an ƙaddamar da shari'a a jihar, an yanke hannun wani mutum a kan satar saniya, duniya duka ta ji labari. Shekara goma sha bayan haka, garke-garke ake korawa da rana tsaka. Ba shari'a ce ta gaza ba. Hukuncin da ya sauka a kan talaka ɗaya ya tsallake masu bindiga da masu sayen shanun sata, ba ya tsorata kowa. Wani masanin doka ɗan Italiya, Cesare Beccaria, tun 1764 ya lura cewa tabbacin za a kama ka ya fi zafin hukunci hana laifi. Kai ɗan kasuwa ka san wannan ba tare da karatu ba: shingen da kullum akwai ma'aikaci a kai shi ake tsoro, ko da tararsa kaɗan ce.

Adalci kuma yana duban hali. Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, Gadarif ta cika da mutanen da suka baro komai nasu. Wanda ya ɗebi damin dawa don 'ya'yansa sun kwana biyu ba su ci ba, da wanda ya tare hanya da bindiga ya harbi yaro, ba mudu ɗaya za a auna musu ba. Masu taruwa a kan ɓarawon kasuwa da sanduna har ya daina motsi, ku ji da kyau: ba wata shari'a da ta sa kisa a kan satar waya ko tunkiya. Ku ma jini ne a wuyanku.

Sulhun da ke haifar da fansa

Yanzu zan juyo kanmu, mu dattawa da ke zama a judiya, da umdodi da shehunan gari da ardo-ardo. In mun ce wa matasa kada su rama, sai mu duba me muke ba su a madadi.

Na taɓa zama a wani sulhu lokacin kaka. Shanu sun shiga riɗin da aka yanka aka jingine, mai gadin gona ya bugi yaron da ke kiwo da gora a ka, yaro ya kwana bai tashi ba. Allah ya taimaka umdan wurin ya yi hanzari, kafin dangin yaro su gama taruwa ya miƙa mai gadin ga 'yan sanda. Da aka zauna, masu gona suka fara lissafin kuɗi. Uban yaron ya ɗaga hannu ya ce shi ba ciniki ya zo ba. Ya ce a kawo mutumin ya faɗa da bakinsa, a gaban jama'a, abin da ya yi wa ɗansa. Aka nemi izini aka kawo shi. Ya faɗa, yana kuka, bai ce shanu ne suka jawo ba. Tsohon ya yi shiru har muka zaci ya fasa, sannan ya ce ya sauke kisasi, a kawo diyya a ba uwar yaron. Kotu kuma ta ɗaure mutumin. Har yau mutanen rugar suna sayar da nono a garin.

Na kuma ga wani sulhun da aka yanka rago, aka yi fatiha, aka ɗauki hoto, aka ce za a biya diyya kashi uku. Aka biya kashi na farko, sauran aka bar su a takarda, jine kuma kun san yadda yake zubewa. Wanda ya yi kisan ko kwana ɗaya bai yi a tsare ba, yana yawo a babur a gaban gidan mamaci. Damina biyu aka yi, aka wayi gari an ƙone masa rumbu an harbi ƙaninsa. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Bambancin biyun ba yawan kuɗi ba ne. A na farko mai laifi ya amsa laifinsa, kuma ya ɗanɗana a jikinsa. A na biyu dangi suka yi karo-karo, shi bai ji komai ba. Ku lura, karo-karon dangi da ake kira aƙila an yi shi ne don kuskure, kamar direban da ya buge mutum a hanyar Gadarif zuwa Galabat ba da niyya ba. Dokar Sudan ma ta sa kamfanin inshora da ubangidan aiki cikin masu iya ɗaukar wannan nauyi. Amma wanda ya kashe da gangan, diyya a dukiyarsa take. In kowane kisa ƙabila ce za ta tara kuɗi ta biya, kun koya wa matasanku cewa rai arha ne.

Magabata sun hango wannan. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi, ko waliyyan jini sun yafe wa mai kisan ganganci, hukuma za ta yi masa bulala 100 ta tsare shi shekara guda. Dokar Sudan ta ce in an sauke kisasi kotu na iya ɗaure shi har shekara goma, diyya kuma tana nan. Akwai ma kisan da yafewar dangi ba ta shafe shi. Kalmar da muke faɗa kullum, kisan gilla, daga littattafan fiƙihu ta zo: a yaudari mutum a kashe shi don dukiyarsa. Malikiyya suka ce wannan babu afuwa a cikinsa. Haka tare hanya da makami, wanda doka ke kira hiraba. Ɗan'uwa mai saƙo, abin da aka yi wa ƙanenka a nan ya faɗa. Ba kai kaɗai aka yi wa ba, duk mai bin hanyar nan aka yi wa, kuma duk mai bin hanyar nan wajibi ne ya taya ka nema.

Sannan afuwa kyauta ce. Kada a taru a kan bazawara ko tsoho marar gata a matsa masa da “ka dubi Allah” har ya sa hannu yana hawaye, alhali da ɗan mai kuɗi aka kashe ba wanda zai buɗe baki. Yafewar dole fansa ce aka jinkirta.

In mai laifi ya tsallaka iyaka

Na san abin da za ku ce. Malam, duk wannan in an kama mutum ne. Mu nan ɗan shifta yana harbi ya tsallaka khor ya shige wata ƙasa, ɗan sandan Basunda ba shi da iko a can, na Matamma ba shi da iko a nan. Gaskiya ne. Layin da Bature Gwynn ya shata a 1903 ya raba hukumomi, ɓarawo kuwa bai san da shi ba. Kuma ɓarayin nan ba na gefe ɗaya ba ne. Sau da yawa mai nuna hanya yana nan, mai bindiga yana can, mai sayen shanun yana wata kasuwa ta uku.

Abin da wasu ke yi shi ne su kama duk wanda suka samu daga ƙetare, lebura mai yankan riɗi ko mai jaki da ya kawo kofi, su ce ba za a sake shi ba sai an dawo da nasu. Wannan ita ce fansar kasuwa da muka gama magana a kai, ta sake riga. Kuma ku 'yan kasuwa ku ne farkon masu biya. Kun tuna Yunin 2022, da Sudan ta zargi Habasha da kashe sojojinta bakwai da farar hula ɗaya, Habasha ta ce ba sojojinta ba ne, aka rufe mashigar Galabat na makonni. Wa ya yi asarar albasa da tumatir a kan lori? Wa ya ci bashi ya biya haya? Jini in ya zuba a iyaka, ƙofa ce ke rufewa.

Abin da ke aiki, in ya yi, shi ne dattawa su san juna tun kafin rana ta ɓaci, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mu muna da ajawid da judiya. Mutanen gabas, Bija da Bani Amir, suna da galad, alkawarin tsagaita wuta har a zauna. Amharawa suna da dattawansu da suke kira shimagile, a cikinsu har akwai waɗanda aikinsu sasanta jini ne. Ba wanda ya fi dattijon gari sanin yaron da ya kwana da shanun da ba na ubansa ba. Umdan da ke da lambar wayar takwaransa na ƙetare ya fi mutum hamsin masu bin sawu amfani. Ku kuma dillalai da daminai na kasuwar dabbobi, amanar tana hannunku. Saniyar da ta zo da shaidar wani a kunne ko a cinya, ba takarda, ba mai lamuni, a rabin kuɗi, kun san ko ta wace ce. Ranar da shanun sata suka rasa mai saye, rabin harbin nan ya ƙare.

Abin da nake roƙonka

Ɗan'uwa mai saƙo, ga nawa. Ka koma wurin 'yan sanda ka tabbata an buɗe balagi da sunan ƙanenka, ka karɓi lambarsa ka adana, da takardar likita in akwai. Ka rubuta kamannin shanun nan goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, launi da ƙaho da shaida, ka ba daminai a kasuwannin da ke kusa, ka ba direbobin da ka yarda da su su kai ƙetare. Sawun saniya ya fi sawun mutum daɗewa, sau da yawa ita ke kai mutane ƙofar ɓarawo. Waɗanda suka ga wani abu ranar, a ji daga bakinsu yanzu kafin su tashi da dabbobi su yi arewa Butana da damina. Ka ɗauki ardonku da umda ku je wurin shugabannin mutanen da kake zargi, ka faɗa musu a fuska: ban zo neman ɗanku marar laifi ba, na zo neman wanda ya yi, ku taya ni. In an fita faza'a bin sawu, a fita da hukuma, kuma wanda aka kama a kawo shi da rai. Gawa ba ta faɗin inda sauran shanu suke, ba ta faɗin wa ya aike ta.

Ba zan yi maka ƙarya in ce lalle gobe za a kama shi ba. Ƙasa tana cikin yaƙi, kotuna sun yi rauni, kai ma ka sani. Ka yi ta bibiya, ka dame su, ka dawo mana mu faɗa a iska cewa wata kaza ke nan ba a yi komai ba. Wannan haƙƙinka ne, kuma ku ma'aikata da ke saurare, ku sani duk ƙarar da kuka bari ta kwana a aljihun tebur, wani kuke tura wa daji. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Amma in ka ɗauki ran wancan mai awon riɗi, ranar taka ba za ta zo ba, don daga ranar kai ake nema, mahaifiyarku kuma ta rasa 'ya'ya biyu.

Ku kuma iyaye mata da 'yan uwa mata da abokai, ku ji tsoron Allah ku bar gori. Kalmar “ashe ba namiji a gidan nan” ta kashe mutanen da bindiga ba ta yi niyya ba. Mutumin da ya danne zuciyarsa ya bi ta ƙofar shari'a wata da watanni, ya fi mai harbi a duhu jarumta.

Nan za mu dakata. Wanda ke da abin faɗa, ko ya ga na yi kuskure, ko yana da labarin sulhun da ya riƙe ko wanda ya warware, ya aiko mana da Hausa ko Larabci ko Fulatanci ko Amharanci, za mu saurara. Mako mai zuwa za mu zauna a kan burtali da ɓarnar gona: wa ke kimanta ɓarna, kuma yaya ake biya ba tare da an zare sanda ba. Allah ya tsare mu da zalunci, ya tsare mu da zaluntar wani. A gaida gida, a gaida ruga.